Wa Ya Cancanci Cin Jibin Ubangiji? Tarihin Wata Muhawara Tsakanin Kiristoci

1.0 Gabatarwa

Daga cikin ibadun Kirista babu wadda ta kai Jibin Ubangiji daraja a wurin mafi yawansu. Ibada ce da ake yi da gurasa da ruwan inabi, don tunawa da abincin ƙarshe da Yesu Almasihu ya ci tare da almajiransa a daren da aka kama shi. Kalmar jibi a nan ba ta ranar da ke bin gobe ba ce. Tsohuwar kalmar Hausa ce mai nufin abincin da ake zama a ci, kuma da ita Kiristoci masu jin Hausa suke kiran wannan ibada. Katolika da 'yan Otodoks sun gaskata cewa gurasar da ruwan inabin suna zama jikin Almasihu da jininsa a haƙiƙa. Mabiya Martin Luther sun ce jikin da jinin suna nan tare da gurasar da inabin. Mabiya John Calvin sun ce mai bi yana karɓar Almasihu a ruhu ta wurin bangaskiya. Wasu kuwa, kamar 'yan Baptis, sun ɗauke shi alamar tunawa.

Duk da wannan saɓani, akwai tambaya guda da ta addabi kowane ɓangare, watau wane ne ya isa ya miƙa hannu ya karɓa, kuma da wane irin hali? Tambayar ta rabu uku. Ta farko, mene ne ma'anar cancanta? Ta biyu, wa zai yanke hukunci, mutum da lamirinsa ko shugabannin ikkilisiya? Ta uku, wanne ya fi hatsari, a kusanci teburin da ganganci ko a ƙaurace masa don tsoro? A kan waɗannan tambayoyi an sa babban sarki ya durƙusa, an kori malamai daga garuruwansu, kuma an raba jama'a gida biyu. Wannan maƙala za ta bi diddigin muhawarar daga tushenta.

2.0 Tushen Magana: Abin da Ya Faru a Korinti

Asalin muhawarar yana cikin wasiƙar farko da Manzo Bulus ya rubuta wa Kiristocin birnin Korinti na ƙasar Girka, daga Afisa, tsakanin shekarar 53 da 55 Miladiyya. Maganar tana sura ta 11, daga aya ta 17 zuwa ta 34. A wancan zamani babu ginin majami'a. A gidajen masu hali ake taruwa, kuma jibin cikakken abinci ne da ake ci har a ƙoshi. Labari ya kai wa Bulus cewa wasu suna riga wasu ci, har wani ya bugu alhali ɗan'uwansa yana zaune da yunwa. Masana da yawa suna ganin masu dukiya ne suke isowa da wuri su cinye abin da suka kawo, bayi da 'yan ƙwadago kuwa sai sun tashi daga aiki, su tarar da akushi wayam. Bulus ya tsawata musu ƙwarai. Ya gargaɗe su cewa cin gurasar da shan ƙoƙon ta hanyar da ba ta dace ba laifi ne ga jikin Ubangiji da jininsa. Ya umarci kowa ya auna kansa tukuna, ya ce wanda ya ci bai rarrabe jikin ba ya jawo wa kansa hukunci, har ya danganta rashin lafiya da mutuwar wasunsu da wannan laifi. Ya rufe da cewa su riƙa jiran juna.

A nan ne nazarin harshe ya shigo. Kalmar Girkanci da Bulus ya yi amfani da ita a aya ta 27 ita ce anaksiyos, kuma a nahawu bayanau ce, watau tana bayyana yadda aka yi aikin ci da sha. Ba sifa ba ce da za ta bayyana mai cin. Ko a Hausa akwai bambanci tsakanin a ce wane bai cancanci ya ci ba, da a ce wane ya ci ta hanyar da ba ta cancanta ba. Jimlar farko tana auna mutum, ta biyu tana auna aikinsa a wannan zama. Amma a bakin masu wa'azi da kunnuwan masu sauraro, ma'anar farko ce ta yi rinjaye tsawon ƙarnuka.

Kalma ta biyu mai fuska biyu ita ce jiki. Wasu sun fahimci rarrabe jikin da cewa a gane gurasar nan ba kamar sauran gurasa take ba. Wasu kuma sun lura cewa a sura ta 10 da ta 12 ta wannan wasiƙa Bulus ya kira jama'ar masu bi jiki ɗaya, saboda haka wanda ya wulakanta matalaucin da ke gefensa shi ne bai rarrabe jikin ba. Fahimtar farko tana kai mutum ga binciken zuciyarsa, ta biyu tana kai shi ga duban maƙwabcinsa.

Fassara ma ta yi nata tasiri. Littafi Mai Tsarki na Ingilishi da aka buga da izinin Sarki James a 1611 ya fassara kalmar kirima ta aya ta 29, wadda ke nufin hukunci, da kalmar da daga baya jama'a suka fahimce ta a matsayin hallaka ta har abada. Bugu da ƙari, ya maimaita kalmar rashin cancanta a wannan aya, alhali mafiya tsufa daga cikin rubutattun kwafin Girkanci ba su da ita a wurin. Wannan ya ƙara wa masu karatu fargaba.

3.0 Ikkilisiyar Farko

Tun da wuri aka kafa iyaka. Ɗan littafin nan da ake kira Didake, watau Koyarwar Manzanni, na ƙarshen ƙarni na ɗaya ko farkon na biyu, ya keɓe jibin ga waɗanda aka yi wa baftisma kaɗai. Ya kuma umarci a furta zunubai kafin a ci, kuma mai husuma da ɗan'uwansa kada ya shiga taron sai sun sulhunta. Wajen shekarar 155 Justin, wanda aka kashe a Roma saboda addininsa, ya kawo sharuɗɗa uku: gaskata koyarwa, baftisma, da zama bisa umarnin Almasihu.

Babbar jarrabawa ta zo a shekarar 250, sa'ad da Sarki Desiyus na Rum ya tilasta wa kowa ya yi hadaya ga gumaka ya karɓi takardar shaida. Kiristoci masu yawa suka ba da kai. Da ƙura ta lafa suka dawo suna neman jibi. Nobashiyan na Roma ya ce ikkilisiya ba ta da ikon mai da su. Wasu kuma a Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yau, suka so a karɓe su nan take. Sifiriyan, bishop na Kartaj, ya bi tsakiya a 251: a karɓe su bayan tuba mai tsawo gwargwadon nauyin laifi. Ra'ayinsa ne ya ɗore, kuma daga nan hana jibi ya kafu a matsayin babban horon ikkilisiya. Horon bai bar sarakuna ba. A shekarar 390, bayan sojojin Sarki Tiyodosiyus sun yi wa mutanen Tasalonika kisan gilla, Ambros, bishop na Milan, ya rubuta masa cewa ba zai yi hidimar jibi a gabansa ba sai ya tuba. Sarkin ya tuba a bainar jama'a kafin a sake ba shi.

Agustin, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, ya taɓa batun ta fuska biyu. Mabiya Donatus sun ce ibadar da limami mai zunubi ya gudanar ɓatacciya ce. Agustin ya amsa cewa Almasihu ne mai aikin, saboda haka ingancin jibi bai rataya ga tsarkin mai bayarwa ba. Game da mai karɓa kuwa, wajen shekarar 400 wani mai suna Januwariyus ya tambaye shi ko ya fi kyau a ci kullum ko a riƙa ɗaga ƙafa. Agustin ya kawo misalin mutum biyu daga Linjila: Zakka, wanda ya karɓi Yesu a gidansa da murna, da jarumin sojan Rum wanda ya ga kansa bai isa Yesu ya shiga gidansa ba. Ya ce dukansu girmamawa suka yi, kowa ta hanyarsa, don haka kada mai ci kullum da mai jinkiri su zargi juna. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne raini. Har yau Katolika suna maimaita maganar wannan jarumi kafin su karɓi jibi, watau mai karɓa yana shaida rashin cancantarsa a daidai lokacin da yake matsowa.

4.0 Zamanin Kallo Daga Nesa

Da Kiristanci ya zama addinin daula, sai jama'a suka yawaita, masu cin jibi suka ragu. Tun ƙarshen ƙarni na huɗu Yohanna Kirisostom yana kukan cewa mutane suna tsayawa a sujada ba mai matsowa. A 506 Majalisar Agde a kudancin Faransa ta wajabta ci sau uku a shekara: Kirsimeti, Ista da Fentikos. Wannan ma ya gagara. A 1215 Majalisar Lateran ta Huɗu ta rage zuwa mafi ƙaranci, watau kowane baligi ya furta zunubansa ga limaminsa sau ɗaya a shekara, ya kuma ci jibi aƙalla a lokacin Ista. Wanda ya ƙi, a hana shi shiga majami'a yana raye, a hana shi jana'izar Kirista in ya mutu.

Ba sakaci kaɗai ya kawo wannan ba, har da tsananin girmamawa. An gindaya azumi tun daga tsakar dare, da ƙauracewar ma'aurata ga juna, da furta zunubi kafin kowane ci. Sarki Luwis na Tara na Faransa, wanda aka san shi da ibada, sau shida kawai yake ci a shekara. Maimakon ci, sai jama'a suka koma ga kallo. Limami yakan ɗaga gurasar sama bayan ya keɓe ta, mutane su zuba mata ido, su ɗauki wannan a matsayin rabonsu na albarka. A ikkilisiyoyin Gabas ma haka abin ya kasance, har wasu sufayen Dutsen Atos suka tashi yaƙi da al'adar, inda Nikodimos da Makariyos na Korinti suka fitar da littafi a 1783 suna kira ga yawaita cin jibi. A Habasha kuwa an daɗe da sanin cewa yara ƙanana da tsofaffi ne suka fi matsowa, manya masu jini a jika suna ja da baya don ganin ba su tsarkaka ba.

5.0 Masu Gyara da Majalisar Tirento

Martin Luther ya juya tambayar. A ƙaramin littafinsa na koyarwa na 1529 ya yarda cewa azumi da shirin jiki tarbiyya ce mai kyau, amma ya ce wanda ya cancanta da gaske shi ne wanda ya gaskata cewa dominsa aka ba da jikin, aka zubar da jinin. A babban littafin na wannan shekara ya kwatanta jibi da magani, ya ce mai jin nauyin zunubinsa shi ya fi kowa buƙatarsa, kuma wanda ya tsaya jiran ranar da zai tsarkaka ba zai taɓa zuwa ba. Waɗanda ya ce a hana su ne masu taurin kai da ba su neman gafara.

Calvin ma ya koyar da kusan haka. A ganinsa, iyakar cancantar da ɗan Adam zai iya kawowa ita ce ya miƙa wa Allah rashin cancantarsa, tare da bangaskiya da ƙauna, ko da ba su cika ba. Ya so a riƙa ci kowane mako, amma mahukuntan birnin Janeba suka tsayar da sau huɗu a shekara. Sai dai Calvin ya tsaya kai da fata cewa dole ikkilisiya ta tsare teburin daga masu aikata laifi a fili. A ranar Ista ta 1538 shi da Farel suka ƙi raba jibi saboda rikicin da ke cikin birnin, majalisar gari ta kore su. Bayan ya dawo a 1541 rigimar ta sake tashi. A 1553 majalisar gari ta ba Philibert Berthelier izinin ci alhali kotun dattawan ikkilisiya ta hana shi, Calvin kuwa ya shelanta daga mumbari cewa ba zai ba wanda aka hana ba. Sai a 1555 aka tabbatar wa dattawan wannan iko. Ke nan a Janeba tambayar cancanta ta rikiɗe ta zama tambayar wa ke da iko, fada ko majami'a.

Katolika sun ba da amsarsu a zama na 13 na Majalisar Tirento a 1551. Majalisar ta la'anci ra'ayin cewa bangaskiya kaɗai ta isa shiri. Ta fassara auna kai da Bulus ya ambata da cewa duk wanda ya san yana ɗauke da babban zunubi, komai nadamarsa, wajibi ne ya furta shi ga limami kafin ya ci, matuƙar akwai limamin. A taƙaice, Luther ya ɗora cancanta kan dogara ga alkawari, Tirento ta ɗora ta kan kasancewa cikin alherin Allah ta hanyar da ikkilisiya ta tanada, Calvin kuwa ya haɗa bangaskiyar mutum da sa idon dattawa.

6.0 Tsanantawa da Sassautawa

Muhawarar ba ta tsaya tsakanin ɗariƙu ba, ta shiga cikin kowace ɗariƙa. A Faransa, Antoine Arnauld, ɗaya daga cikin jagororin 'yan Jansen, ya buga littafi a 1643 kan yawaita cin jibi. Ya zargi limaman Jesuit da arha da abu mai tsarki, suna barin mutanen fada su ci jibi da safe su tafi gidan rawa da dare. Ya nemi a koma ga tsarin ikkilisiyar farko, inda mai zunubi yake daɗewa cikin tuba kafin ya matso. Littafin ya karɓu ƙwarai, amma Vincent de Paul ya koka cewa masu cin jibi sun ragu a majami'un Paris saboda shi. A 1690 Paparoma Alezanda na Takwas ya haramta ra'ayin cewa a hana jibi ga duk wanda ƙaunarsa ga Allah ba ta kai tsantsa ba. Duk da haka tsoron ya zauna a zukata har ƙarni biyu. Paparoma Piyus na Goma ne ya rufe babin da dokar 20 ga Disamba 1905, wadda ta ƙarfafa ci kullum bisa sharaɗi biyu kacal: rashin babban zunubi da kyakkyawar niyya. A 1910 ya saukar da shekarun fara ci zuwa wajen bakwai. An kuma rage azumin zuwa awa uku a 1957, sa'an nan awa ɗaya a 1964.

A Sikotlan, 'yan Firesbiteriya sun mai da jibi babban biki na shekara, daga azumin Alhamis zuwa godiyar Litinin. Dattawa sukan binciki ilimin mutum da halinsa, in ya tsallake su ba shi ɗan kwabon dalma da zai nuna a bakin tebur. Kafin a raba, mai wa'azi yakan lissafa irin mutanen da bai halatta su matso ba, abin da suke kira kewaye tebur da shinge. A taron Cambuslang na Agusta 1742 an ƙiyasta mahalarta sun kai 30,000, amma waɗanda suka ci wajen 3,000 ne. A yankin tsaunukan arewa har ya zama mutum ya tsufa cikin ibada bai taɓa ci ba.

A Amurka, Solomon Stoddard, limamin garin Northampton a Massachusetts, ya koyar cewa jibi hanya ce ta juyo da zuciya, don haka duk mai baftisma da ya yarda da koyarwa, ba shi da abin kunya a fili, ya zo ko da bai tabbata an sake haihuwarsa ba. Jikansa Jonathan Edwards ya gaje shi a 1729, ya bi tsarin kusan shekara 20, daga baya ya sauya. A littafinsa na 1749 ya ce jibi na waɗanda za su iya shaida tubarsu da gaske ne. Jama'ar gari suka ga zai rufe musu ƙofar da kakansa ya buɗe, suka sallame shi a watan Yuni 1750.

John Wesley, wanda ya kafa tafarkin Metodis, ya ɗanɗana ɓangarorin biyu. Yana matashin limami a Savannah ta Jojiya, ya hana wata mata jibi a 1737, danginta suka kai shi ƙara, dole ya bar ƙasar. A wa'azin da ya buga a 1787 kan wajibcin dawwama a kan jibi, ya koma ga nahawun Bulus. Ya nuna cewa manzon yana magana ne kan ci cikin hargitsi irin na Korinti, kuma kalmar hallaka da ke cikin fassarar 1611 kuskure ce. Hujjarsa ita ce umarni umarni ne: wanda ya ƙi ci don tsoron yin laifi ya riga ya yi laifin ƙin biyayya.

7.0 Muhawarar a Afirka

Fahimta ta biyu ta kalmar jiki ta bayyana ƙarara a Afirka ta Kudu. A 1857 majalisar ikkilisiyar Dutch Reformed ta yarda cewa Nassi ya fi son a haɗu wuri ɗaya, amma saboda abin da ta kira raunin wasu, watau Turawan da ba su son zama teburi ɗaya da baƙaƙe, ta halatta a riƙa yin sujada da jibi a gine-gine dabam. Abin da aka yi da sunan rangwame ya haifi ikkilisiya ta dabam a 1881, kuma masana tarihi suna lissafa shi cikin tushen aƙidar wariyar launin fata. A taron duniya na ikkilisiyoyin Reformed a Ottawa a 1982, wasu wakilan Afirka ta Kudu sun ƙi cin jibi tare da wakilan ikkilisiyar da ke goyon bayan wariya, taron kuma ya ayyana wannan aƙida a matsayin bidi'a. A nan laifin Korinti ne ya dawo da sabuwar riga.

A sauran Afirka, har da arewacin Nijeriya inda cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, batun da ya fi zafi shi ne auren mata fiye da ɗaya. Taron bishop-bishop na Angilikan a Lambeth a 1888 ya yanke cewa ba za a yi wa mai mata da yawa baftisma ba, wanda ke nufin ba shi ba jibi. Mishan da dama sun bi irin wannan tafarki. Sai magidanci ya zaɓi ɗaya: ko ya saki matan da ya aura kafin ya karɓi addinin, su da 'ya'yansu su tagayyara, ko ya zauna a majami'a har mutuwa yana kallon wasu suna ci. Bayan shekara 100 cif, taron Lambeth na 1988 ya halatta a yi masa baftisma tare da matansa da 'ya'yansa masu bi, bisa sharaɗin ba zai ƙara aure ba muddin ɗaya daga cikin matan tana raye, kuma jama'ar ikkilisiyar wurin sun amince. Har ila yau, a ikkilisiyoyi da dama na arewa dakatar da mutum daga jibi shi ne ainihin abin da ake nufi in an ce an sa shi ƙarƙashin horo, kuma mai da shi ga tebur shi ne alamar an karɓi tubarsa.

8.0 Inda Maganar Ta Kai

Dokokin Katolika na 1983 sun raba nauyin biyu. Doka ta 916 ta ɗora wa mutum alhakin janye kansa in ya san yana da babban zunubi. Ta 915 ta ɗora wa mai rabawa alhakin hana wanda ya dage kan babban zunubi bayyananne. Kan waɗanda suka rabu da abokan aurensu suka sake aure a kotu, Paparoma John Paul na Biyu ya tabbatar da hani a 1981. Paparoma Francis ya bayyana a 2013 cewa jibi magani ne da abincin raunana, ba ladan kamilai ba ne, kuma a wasiƙarsa ta 2016 kan iyali ya buɗe ƙofar a duba halin kowane mutum tare da limaminsa. Manyan limamai huɗu masu muƙamin kadinal suka aika masa da tambayoyi a wannan shekara suna neman ya fayyace. A Amurka kuma an yi ta jayayya, musamman a 2004 da 2021, kan ko a hana 'yan siyasar Katolika masu goyon bayan dokar zubar da ciki. A ɓangaren Furotesta, wasu ikkilisiyoyi suna gayyatar duk mai neman Almasihu, wasu suna ba mai baftisma na kowace ɗariƙa, wasu kuwa sai ɗan ɗariƙarsu.

9.0 Kammalawa

Idan aka dubi wannan tarihi za a ga abu guda da kusan kowane ɓangare ya amince da shi, watau babu ɗan Adam da ya cancanci jibin da ƙarfin kansa. Agustin, Luther, Calvin, Arnauld da Piyus na Goma duk sun yarda da haka. Saɓaninsu yana kan abin da ya biyo baya. Masu tsanantawa suna tsoron kada abu mai tsarki ya zama abin wasa, kuma suna da hujja a gargaɗin Bulus. Masu sassautawa suna tsoron kada a hana majinyaci magani don yana ciwo, su ma suna da hujja a cin abincin da Yesu ya yi tare da masu zunubi. Tarihi ya nuna duk lokacin da ɗaya ya yi rinjaye har ya wuce gona da iri, sai ɗayan ya taso: tsoron tsakiyar zamani ya haifi Luther, sassaucin fadar Faransa ya haifi Arnauld, tsananin Arnauld ya kai ga dokar 1905.

Ga mai nazarin harshe akwai darasi na musamman. Bambancin bayanau da sifa, da ma'ana biyu na kalmar jiki, da zaɓin mafassara tsakanin hukunci da hallaka, sun shafi rayuwar miliyoyin mutane, har suka ƙayyade wanda zai matso da wanda zai tsaya a baya. Mai fassara littattafan addini zuwa Hausa yana fuskantar irin wannan zaɓi a duk lokacin da ya tsaya tsakanin cancanta, da dacewa, da isa, domin kowace ɗaya tana aika mai karatu ga wata fahimta dabam.